Yadda Ake Feɗe Littafi da Waƙa: Jagora ga Mai Fara Nazari

Duk lokacin da aka tara mini takardun jarrabawa ko kundayen kammala karatu in duba, amsa guda ce ke ta dawowa, rubutun hannun ne kawai ke bambanta. A tambayi ɗalibi jigon littafi, ya ce faɗakarwa. A tambaye shi jigon waƙa, ya ce faɗakarwa da wa'azi. A ce ya fito da salo, sai ya jero kamantawa, siffantawa, mutuntarwa, kowanne da misali ɗaya a gabansa, ya ja layi ya rufe. Ba ƙarya ya yi ba. Matsalar ita ce amsar nan za ta hau kan littafi ɗari ba a sauya mata ko wasali ba, don haka ba ta gaya mana komai game da littafin da aka yi tambaya a kansa ba. Abin yana damuna, domin yaran nan suna da basira. An sa su haddar sunaye ne, ba a zauna da su an nuna musu aikin ba.

Nazari shi ne ka nuna, daga cikin aikin kansa, abin da marubuci ko mawaƙi yake son isarwa da hanyar da ya bi ya isar da shi. Duk maganar da ka yi, idan aka ce maka ina shaida, ka iya buɗe shafi ko ka kunna faifai ka nuna. Matakan da ke tafe su nake bi da ɗalibaina, ko littafin zube ne a gabanmu, ko rubutacciyar waƙa, ko waƙar baka.

Kayan da za ka tanada

Na farko, cikakken matani, daga bango zuwa bango. 'Yan takardun taƙaitawa da ake sayarwa a ƙofar makaranta ba za su yi ba, domin wanda ya rubuta su ya riga ya zaɓar maka abin da za ka gani. Fim ma ba ya maye gurbin littafi. An mayar da Shehu Umar wasan kwaikwayo, Adamu Halilu kuma ya yi fim ɗinsa a 1976, amma kowannensu aiki ne mai zaman kansa, da abin da ya ƙara da abin da ya rage.

Na biyu, fensir da littafin rubutu na musamman, inda za ka riƙa ajiye lambar shafi da lambar baiti.

Na uku, ƙamus. Na Bargery, wanda ya fito a 1934, har gobe babu kamarsa wajen tsofaffin kalmomin sarauta da yaƙi da kayan doki. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero kuma zai ba ka ma'ana da Hausa.

Na huɗu, idan waƙar baka ce, sautinta, da abin sa wa a kunne, da rerawa fiye da ɗaya in ta samu.

Na biyar, littafi kan hanyar nazari. A rubutacciyar waƙa akwai Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa na Abdulƙadir Ɗangambo, da Jigon Nazarin Waƙa da Salo Asirin Waƙa na Abdullahi Bayero Yahya. A waƙar baka akwai Jagoran Nazarin Waƙar Baka na Sa'idu Muhammad Gusau. Kalmominsu sukan bambanta: abin da ake kira jigo a rubutacciyar waƙa, Gusau turke yake ce masa a waƙar baka. Ka ɗauki hanya ɗaya ka bi ta har ƙarshe, kada ka gauraya.

Na shida, wanda ba a saye a kanti: dattijo ko dattijuwa mai jin karin harshen da aka yi waƙar da shi.

Mataki na 1: Karanta ko saurara, ba tare da alƙalami ba

Karon farko ka karanta littafin kamar yadda kowa zai karanta, don jin daɗi. Ka lura da inda ka yi dariya, da inda zuciyarka ta sosu, da inda ka ƙosa. Wuraren nan su ne za ka koma daga baya ka tambayi kanka me marubucin ya yi har ya taɓa ka. Wanda ya shiga littafi da farautar adon harshe tun shafin farko, zai fito da jerin misalai bai san labarin ba.

Rubutacciyar waƙa kuwa a rera ta ake yi. Don kunne aka tsara ta, ko da a takarda ta iso maka. Imfiraji ta Aliyu Namangi, mutane da yawa a bakin almajirai da makafi masu bara suka fara jin ta kafin su taɓa ganin ta a littafi. In ba ka iya rerawa ba, nemi wanda ya iya ya rera maka. A karo na biyu ne za ka ɗauki fensir.

Mataki na 2: Tsayar da matani

Wannan ya fi shafar waƙar baka, kuma a nan ne aka fi yin ɓarna. Kana buƙatar ka juyi waƙar daga faifai zuwa takarda da hannunka. Kada ka dogara da wadda wani ya rubuta ya sa a intanet, sai ka gwada ta da sauti layi bayan layi.

Ka rubuta abin da mawaƙi ya faɗa, yadda ya faɗe shi. Manyan makaɗan fada irin su Ibrahim Narambaɗa da Salihu Jankiɗi da Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru duk da Hausar yamma suka yi waƙa. Za ka ji munka da sunka da anka a inda Bakano zai ce muka da suka da aka. Za ka ji shina a madadin yana, ka ji yaz zo da yat tahi. Ɗalibi yakan ga kamar gyara yake yi idan ya mayar da su daidaitacciyar Hausa. Duba abin da ke faruwa: munka gaɓarta ta farko mai nauyi ce, muka kuwa gaɓarta ta farko marar nauyi ce. Da ka sauya ɗaya da ɗaya ka taɓa awon layin, kuma duk abin da za ka faɗa daga baya game da raujin waƙar ya tashi a kan layin da mawaƙin bai rera ba.

Ka raba abin da jagora ya faɗa da abin da 'yan amshi suka faɗa, ka sa wa kowanne alama a gefe. Inda kiɗa ya danne murya ba ka ji ba, ka bar gurbi ka sa ɗigo-ɗigo, ka kai wa dattijon nan ya saurara. Kada ka cike gurbi da zato. Sau da yawa kalmar da ta gagare ka sunan gari ce, ko sunan wani kakan sarki, ko laƙabin da mutanen fadar kaɗai suka sani, kuma da jin ta dattijon zai ba ka labarin da zai buɗe maka ɗan waƙar gaba ɗaya.

Sannan ka rubuta wace rerawa ce ka yi aiki da ita. Mamman Shata yakan rera waƙa guda a wurare daban-daban, gindin yana nan amma 'ya'yan suna sauyawa gwargwadon waɗanda ke zaune a wurin. Idan ba ka faɗi wadda ka ɗauka ba, mai duba aikinka zai saurari wata ya ce ka ƙirƙiro.

Tsofaffin rubutattun waƙoƙi ma suna da tasu matsalar. Na ƙarni na 19, irin na Nana Asma'u, da ajami aka rubuta su, daga baya aka juyo su zuwa boko. In ka ci karo da ɗangon da ya ƙi reruwa, ka nemi wani bugun ka gwada kafin ka ɗora wa mawaƙiya laifin karya kari.

Mataki na 3: San mai aikin da zamaninsa, gwargwadon buƙata

Akwai abin da ba zai fahimtu ba sai an san lokacin da aka yi shi. Littattafan farko na ƙagaggun labarai sun fito ne daga gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin R. M. East, domin a samar da abin karantawa da boko. Daga ita aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Jiki Magayi kuma John Tafida ne ya rubuta tare da East. Waɗannan marubuta ba su tarar da wani ƙagaggen labari na boko da za su yi koyi da shi ba. Abin da ke hannunsu shi ne tatsuniya, da littattafan Larabci, da labaran yaƙe-yaƙe da bauta da suka ji a bakin iyaye. Wanda ya san haka ba zai yi mamakin ganin Ganɗoki ya tashi daga yaƙi da Turawa ya faɗa duniyar aljannu ba, kuma ba zai auna littafin da ma'aunin littattafan da aka rubuta shekaru hamsin bayansa ba.

Haka waƙar Arewa Jumhuriya ko Mulukiya ta Sa'adu Zungur. Ɗalibin da bai san zamanin ba, ko dai ya ce yabon sarakuna ce, ko ya ce zaginsu ce. Sa'adu ya yi ta ne a lokacin da ake ta muhawara kan tsarin mulkin Nijeriya, bayan ya zauna a Legas ya yi aiki da jam'iyyar NCNC, kuma Indiya ba ta daɗe da samun 'yanci a 1947 ba, sarakunanta suna rasa ikonsu. Yana son sarauta ta ɗore, yana kuma gargaɗin sarakuna cewa in ba su gyara ba za ta kuɓuce musu. Abu biyun suna tafiya tare a cikin waƙar, kuma sanin zamanin ne zai sa ka gan su.

Amma a kiyaye. Ina ganin kundaye masu shafi goma kan tarihin marubuci, da yawan matansa da 'ya'yansa, sannan shafi uku kan littafin. Duk abin da ka kawo daga rayuwarsa, ka tabbata zai yi maka aiki a cikin nazarin. In ba zai yi ba, bar shi.

Mataki na 4: Fito da jigo

A nan nake so a daɗe. Fara da gajerce aikin: ka rubuta labarin ko waƙar cikin layi biyar ko shida da kalmominka. Sannan ka tambayi kanka, wace matsala ce ta tayar da labarin, kuma wace ce ta bi shi har ƙarshe? Abin da ka samu, ka gwada cire shi. In labarin zai iya tsayawa ba shi, to ƙaramin jigo ne. In ya rushe, ka kama babban.

Mu ɗauki Jiki Magayi. Da yawa sukan ce jigonsa soyayya, saboda da son da ke tsakanin Abubakar da Zainabu aka buɗe. To amma soyayyar a farkon littafin take. Da Malam Shehu ya yi amfani da dukiyarsa ya aure Zainabu, abin da ya ja ragamar labarin shi ne ƙudurin Abubakar na ramawa: wahalar da ya sha wajen neman asiri, da yadda asirin ya faɗa kan Kyauta, ɗan da aka haifa a auren, ya lalace da sata, har ya kashe mahaifinsa bai sani ba. Saboda haka ramuwar gayya ce ƙashin bayan labarin. Amma kada ka tsaya a kalmomi biyun nan. Ka tambaya: me littafin ya ce game da ramuwa? Wa ya fi shan wahalarta? Kyauta ne, wanda ko haihuwarsa ba a yi ba lokacin da aka yi laifin. Sai ka rubuta jigonka a cikakkiyar jimla, misali: littafin yana nuna cewa zaluncin mai dukiya yakan haifi ramuwa, ramuwar kuma takan wuce wanda ya yi laifi ta cinye wanda bai ji ba bai gani ba. Jimla irin wannan ana iya yarda da ita, ana iya musanta ta, ana iya kawo mata shaida, kuma abin da ake so ke nan.

Sunan littafi ko na waƙa yakan yi nuni, amma ba shi ne jigo ba. Narambaɗa ya yi wa doki waƙa, Dokin Iska Ɗanfilinge. Wanda ya rubuta cewa jigonta doki bai yi nisa ba. A fada, yabon doki yabon mai doki ne, kuma cewa dokin wane ya tsere wa sauran dawaki magana ce da masu sauran dawakin za su ji a jikinsu.

A rubutacciyar waƙa ka nemi furucin jigo, wato inda mawaƙi ya faɗi manufarsa da bakinsa. Yawanci yana zuwa ne bayan mabuɗi. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ga waƙa ta fara da sunan Allah da salatin Annabi, sai a ce jigonta addini. Wannan al'adar buɗewa ce. Waƙar siyasa da ta noma da ta ilimi duk sukan fara haka. Bayan ka sami furucin, sai warwarar jigo: ka bi waƙar rukuni-rukuni, ka nuna daga baiti kaza zuwa kaza ga abin da ya yi, daga nan ya koma kaza, da yadda kowane rukuni ya ɗora a kan na baya. Sake faɗin kowane baiti da zube ba warwara ba ce.

A waƙar fada, turken galibi yabo ne, amma ba a gina shi da yabo zalla. Akwai tubalai: jero nasaba da tarihin kakanni, zuga, habaici da zambo ga 'yan sarkin da ke hamayya, roƙo, godiya kan kyautar da aka samu. Aikinka ka nuna yadda kowane tubali ke ɗaga ubangida. Zambon da aka yi wa abokin hamayya, alal misali, yabo ne ta bayan gida, domin ƙasƙantar da mai neman gadon sarauta tabbatar da wanda ke kai ne.

Mataki na 5: Taurari

Kada ka raba mutanen littafi gida biyu, nagari da mugaye, ka ce ka gama. Ka buɗe wa kowane muhimmin tauraro shafi, ka tara abu huɗu da lambar shafinsu: abin da ya aikata, abin da ya faɗa, abin da wasu suka faɗa a kansa, da abin da mai ba da labari ya faɗa. Inda huɗun nan suka saɓa wa juna, nan ne abin rubutawa yake.

Kafin komai ka tambaya: daga bakin wa muke jin labarin? A Ruwan Bagaja, Alhaji Imam ne ke ba da labarin kansa. Ɗalibai sukan rubuta cewa Alhaji jarumi ne mai kishin iyaye, Malam Zurƙe ɗan Muhamman kuma mugu ne. Kishin yana nan, tunda wulaƙancin da aka yi wa Liman, mijin mahaifiyarsa, a fada ne ya fitar da shi neman ruwan. Amma ka zauna ka lissafa makircin da kowannensu ya ƙulla wa ɗan'uwansa a garuruwan da suka yi ta haɗuwa. Za ka tarar Alhaji bai bar wa Zurƙe komai ba wajen wayo da ƙeta. Muna goyon bayansa ne domin shi ke riƙe da zaren labarin, ta idonsa muke kallon kowa. Da ka lura da wannan, sai ka ga danginsa: Gizo na tatsuniya, da mayaudarin nan mai fasahar baki na Maƙamatul Hariri, littafin da tasirinsa a kan Ruwan Bagaja sananne ne. Nazarin da ya kai nan ya fara faɗin wani abu.

Shehu Umar kuma darasinsa daban ne. Sunan Umar ke kan bango, shi ne kuma ke ba almajiransa tarihinsa, amma ka duba wa ke motsa labarin. Umar yaro ne da aka sace, aka yi ta miƙa shi daga hannu zuwa hannu har Abdulkarim ya tafi da shi Ber Ƙufa ya ba shi ilimi. Abubuwa ne ke faruwa da shi. Wadda ta yanke shawara da kanta ta bi ta da ranta ita ce mahaifiyarsa, wadda ta fita neman ɗanta, ta faɗa hannun masu bauta, ta ƙetare hamada, ta gan shi a ƙarshen rayuwarta. A ganina ita ce zuciyar littafin, kuma ina baƙin cikin yadda ake ba ta layi biyu a ƙarƙashin ƙananan taurari. Ga kuma Makau, mijinta, mutumin kirki da hassadar fadawa ta raba da garinsa. Shi kansa yana cikin masu kai harin kamo bayi, sai ga bautar ta shigo gidansa ta ɗauke matarsa da agolansa. Marubucin bai tsaya ya yi huɗuba a kan haka ba. Ya jera abubuwan ne ya bar mai karatu ya haɗa.

A waƙar baka ma akwai taurari: ubangida, da abokin hamayyar da ba a kama sunansa, da mawaƙin kansa. Narambaɗa da Shata kowannensu yana da Bakandamiya, inda mawaƙi ya mayar da kansa abin wasawa.

Mataki na 6: Zubi da tsari

Mahauci gwani ba ya sara inda ya ga dama, gaɓa yake bi, shi ya sa naman ke rabuwa ba tare da an farfasa ƙashi ba. Kai ma nemi inda marubucin da kansa ya haɗa aikinsa, ka raba a nan.

A zube, ka duba ko labarin a miƙe yake ko waiwaye ne, da ko akwai labari cikin labari. Magana Jari Ce, wanda ya fito cikin littafi uku a ƙarshen shekarun 1930, an fi nazarinsa kamar tarin labarai warwatse. Alhali a littafi na ɗaya aku yana da dalilin kowane labari: so yake ya riƙe Musa ɗan sarki a gida, kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri yayin da sarki ke wurin yaƙi. Idan ka ɗauki labari ɗaya ka nazarta, ka faɗi wa ya ba da shi, wa aka ba, kuma don me. Imam ya ɗebo labarai daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turai da wasu wurare. Faɗin haka kaɗai bai wadatar ba, sai ka nuna abin da ya sauya har labarin ya zauna a ƙasar Hausa.

A rubutacciyar waƙa ka ƙirga baitoci da ɗangogin kowane baiti: gwauruwa ce, ko 'yar tagwai, ko ƙwar uku, ƙwar huɗu, ƙwar biyar, ko tahamisi ne aka yi wa waƙar wani. Ka fitar da babban amsa-amo na ƙarshen baitoci da ƙarami na cikin baiti. Ka duba mabuɗi da marufi, inda mawaƙi kan sa sunansa, wani lokaci da ramzi, wato shekarar da aka yi waƙar a dunƙule cikin haruffan Larabci.

Wajen kari, hatsarin guda ne: rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali. Ido zai gaya maka gaɓoɓin kalmar gida iri ɗaya ne, kunne kuwa zai gaya maka ta farko marar nauyi ce, ta biyu mai nauyi. Sarki duka biyun masu nauyi ne. Saboda haka furta kowace kalma a fili kafin ka sa mata alama, ka yanka ɗango biyar ko shida daga wurare daban-daban, sannan ka ce Mutadarik ne ko Kamil ko Ramal. Ɗango ɗaya ba ya isa hukunci.

A waƙar baka ka nuna gindi da 'ya'ya, da irin aikin 'yan amshi. Na Shata gindin suke maimaitawa shi yana zuba 'ya'ya. Na Ɗanƙwairo kuwa sukan karɓe layi daga bakinsa su ƙarasa, su yi ƙari. Bambancin nan yana gaya maka wace waƙa ce aka fi shirya ta a gida, wace ce ta fi ba jagora sarari ya ƙirƙira nan take.

Mataki na 7: Salo da adon harshe

Duk adon da ka tsinto, ka yi masa tambaya uku. Mene ne shi? Me ya sa aka zaɓi wannan ba wani ba? Me ya ƙara wa jigo? Ɗalibai a ta farko suke tsayawa, alhali makin yana ga biyun ƙarshe.

Ga yadda abin yake. Makaɗin fada ya kira sarki giwa, ka rubuta dabbantarwa. Daidai. To me ya sa giwa, ba zaki ba, tunda duka ana kiran sarki da su? Zaki kwarjini ne da farmaki. Giwa nauyi ce da girma, da tafiyar da ba a tare ta, da rashin kula da ƙananan abubuwan da ke hayaniya a gefe. Idan a ɗan waƙar da ke biye an kira wani kura ko biri ko jaki, to an jera hoto biyu ne don a gwada: ga mai natsuwa, ga mai kwaɗayi ko rawar kai. Ka ga adon ya koma ya yi wa turken yabo aiki. Wannan bayanin shi ne nazari.

Ka bambance waɗanda ake rikitawa. Idan an ce wane kamar zaki yake, ko ya fi zaki, ko bai kai zaki ba, kamantawa ce, ta daidaito ko ta fifiko ko ta kasawa. Idan an ce wane zaki ne kai tsaye, an bar kamantawa. Kuma ba duk kamar ce kamantawa ba: wanda ya ce baƙo ya iso kamar da la'asar kintace yake yi. Habaici ana yin sa ne a fakaice, mai shi ya tsargu; zambo kuwa muzantawa ce, a siffanta mutum da abin da zai sa a yi masa dariya. Kambamawa ba ƙarya ba ce da za ka zauna kana ƙaryatawa. Dabara ce, ka faɗi abin da aka so a ji da ita.

Salo bai tsaya ga adon harshe ba. Zaɓen kalmomi salo ne: Larabcin da ke cikin waƙoƙin masu jihadi, da yadda Aƙilu Aliyu ke wasa da sautuka masu kama da juna har harshe ya riƙa sarƙewa. Karin magana salo ce, amma kada ka jero su kawai. Faɗi wa ya yi ta, ga wa, a wane hali. Kayan kiɗa ma suna magana. Kotso da taushi na fada ne. Kalangu ya bi Shata ko'ina, ya kuma bi Ɗan Anace fagen dambe. Ɗan Maraya Jos shi kaɗai ne da kuntiginsa, ba 'yan amshi, abin da ya ba shi damar sauya murya ya zama miji ya zama mata a waƙa guda. Ƙwaryar amada ta Barmani Choge ta taron mata ce, shi ya sa take faɗin abin da ba za a faɗa a ƙofar fada ba. Nazarin waƙar baka da bai ambaci kiɗa ba ya bar rabin waƙar a faifai.

Gara ka ɗauki ado uku ka bi su har gindi da ka jero goma sha biyar.

Mataki na 8: Rubutawa

Kowane sakin layi ya ɗauki abu uku a jere: maganarka, shaidarta daga matani, da bayanin yadda shaidar ta tabbatar da maganar. Kada ka ajiye baiti ka wuce kana zaton zai yi wa kansa bayani. Kada kuma ka cika takarda da cewa marubucin ya yi namijin ƙoƙari ko ya nuna ƙwarewa matuƙa. Nuna inda ƙwarewar take. In ka ga rauni, kamar labarin da aka yanke shi da gaggawa ko baitin da aka cusa wa kalma don amsa-amo kawai, faɗe shi da ladabi da hujja. Girman marubuci ba ya hana a faɗi haka.

Idan ra'ayin wani malami ka ɗauko, ambace shi, sannan ka faɗi ko ka yarda da dalilinka. Kafin ka miƙa, koma kan kowane misali ka gwada shi da littafin ko faifan, harafi da harafi, ka tabbatar da lambar shafi ko baiti ko mintin da layin ya faɗo. Ka bi ƙa'idojin rubutu, musamman haruffa masu lanƙwasa, domin kwamfuta da waya sukan zubar da su, ɓ ta koma b, ƙ ta koma k, ma'anar misalinka ta sauya. Dattijon da ya warware maka kalmomi kuwa, ka nemi izninsa ka sa sunansa da garinsu da ranar da kuka zauna, don wanda zai zo bayanka ya san inda bayanin ya fito.